Dariyar da Kaka Ya Ɓoye

Daga Allah muke, kuma Kaka ya riga mu komawa gare Shi. Mahaifin Mama ne. Ya cika ranar Talata da hantsi a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, kafin la'asar an rufe shi a cikin jar ƙasar da ba tasa ba. Abba ya ce kabarin yana gindin wata bishiya mai zubar da fararen furanni, kuma ana gama addu'a ruwa ya sauko.

Gidanmu yana hawa na sha huɗu a Danau Kota. A kwana biyun farko takalman masu gaisuwa sun cika baranda har bakin lif. Maƙwabciyarmu 'yar ƙasar nan ta shigo da tukunyar shinkafa, ta riƙe hannun Mama ta ce "takziah", ashe kalmar tasu ita ce ta'aziyyarmu. Ɗalibai 'yan gida suka yi ta zuwa rukuni-rukuni, suna "Sorry Mummy, Allah ya jiƙan Baba." Matan malaman jami'a suka shimfiɗa gyale suka zauna a falo. Kuma kowa magana ɗaya yake yi, kamar sun haɗa baki a lif.

"Bawan Allah mai shiru-shiru."

"Ni fa ban taɓa jin muryarsa sosai ba. Sai ka kai kunne."

"Wannan tsoho ai ko kyanwa bai taɓa tsawata wa ba."

Ina raba shayi, ƙirjina yana tafasa. Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani, ba sai an faɗa mini ba. Abin da suke yabo ba halinsa ba ne, maɓoyarsa ce. Kuma ina ɗauke da saƙon da ya ba ni kwana huɗu kafin ya tafi: in tashi a gaban masu zaman makoki in faɗi ko shi wane ne, in roƙi duk wanda ya taɓa tsine masa ya janye. Da na gaya wa Mama a kicin, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Idan kika buɗe baki, ni da ke ne. Ki bar mini ubana ya kwanta da mutuncinsa." Washegari ne addu'ar uku, daga ita kuma kowa zai watse.

Bari in koma baya, don ku san wanda ake magana a kai.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo shi daga Kano saboda ciwon ƙoda. Abba yana koyarwa a jami'a, Mama tana fama da gida, ni kuma na gama sakandare ina zaman jiran gurbin karatu da ya ƙi fitowa. Don haka aka ɗora mini shi. Sau uku a mako in raka shi wankin ƙoda, sauran ranakun in fita da shi ya miƙe ƙafa da yamma, likita ya ce dole.

Ban taɓa ganin mutum mai nawa kamar Kaka ba. Sa takalmi ɗaya sai ya ɗauki lokacin da zan yi wanka in shirya. Ina tsaye ina danne da maɓallin lif, yana can yana gyara zaman hula a madubi.

"Tsoho, don Allah ka yi sauri, lah!"

"Amarya, ina za mu da ba za ta jira mu ba?"

Amarya yake ce mini, ni kuma in ce ba na auren mai haƙori shida. Ya ce bakwai ne, in zo in ƙirga. Duk wannan da 'yar ƙaramar murya yake yinsa, can ƙasan maƙoshi, kamar mai tsoron tada jariri. Na ɗauka tsufa ne.

Abin da ya fi so shi ne taga. Yakan ja kujera ya zauna yana kallon hadari yana haɗiye dogayen benaye ɗaya bayan ɗaya, har garin ya ɓace, ya rage mu kaɗai a rataye cikin farin hayaƙi. Sai ya ce, "An sauke labule." Idan ruwan ya ɗauke, benayen suka dawo suna ɗiga, ya ce, "An ɗaga." Ban taɓa tambayarsa inda ya san labule ba. Wani lokaci leɓɓansa suna motsi, in ɗauka tasbihi yake. Yanzu ban da tabbas.

Akwai shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi masu shayi da abinci, a ƙasan layinmu inda yake shan shayi. Kalmar mutanen nan ɗaya ya koya, "boleh", wato "ya yiwu, ba laifi", kuma da ita ya yi shekara biyu. An ce kada ya sha zaƙi, ya ce boleh. An kawo mai zaƙin, ya ce boleh.

Ranar da na fara sanin Kaka, wata yamma ce a watan da Sinawan unguwar suke yi wa matattunsu hidima. Mun fito bayan la'asar, sai muka tarar an kafa wata ƙatuwar rumfa ja a filin ajiye motoci. Hayaƙin turaren tsinke ya cika wurin, ana ƙona takardu a cikin rabin ganga, tokar tana tashi a hankali kamar ba ta son sauka. A ciki an yi dandamali na katako, ana buga kuge da wasu faifan tagulla, wata murya siririya tana hawa tana sauka. Opera suke ce wa wasan. Ba a magana a cikinsa, ko ruwa mutum zai nema sai ya rera.

Na ce mu wuce, kaina zai yi ciwo. Na juya, babu Kaka. Mutumin da ke shafe rabin sa'a a kan takalmi ya ratsa taron nan da sandarsa har ya kai gaba. Kujerun roba ne jajaye a jere, na baya duk da mutane, tsofaffi suna fifita da kwali, amma layin farko babu kowa. Kaka ya ga an bar wa manya wuri. Ya zaɓi ta tsakiya, ya gyara babbar riga, ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sanda.

Wurin ya yi wani irin motsi. Wata tsohuwa ta taso da gudu tana yarfa hannu, "Uncle, cannot, cannot! Tak boleh!" Kaka ya yi mata murmushi ya ce, "Boleh." Ta kama kai. Da guntun Turancinta ta fahimtar da ni cewa layin gaba na baƙin da ba a gani ne. Na matattu. Don su ake wasan, mu masu rai kallo kawai muke tayawa.

Kunya ta kama ni har kunne. Na sunkuya na ce, "Tashi, kujerar matattu ka hau!"

Ya dubi kujerar dama, ya dubi ta hagu, ya ɗan rusuna musu kamar mai neman afuwa. Ya ce, "Gaya mata ta yi haƙuri. Na zo da wuri ne." Sannan ya koma layi na biyu. Ban fassara ba.

A kan dandamalin akwai wata yarinya mai dogon hannun riga da ke kuka cikin waƙa, da wani saurayi mai tutoci a baya yana ta tsalle yana juyi da mashi. Can sai kugen ya canza sauti. Wani ya fito daga gefe, fuskarsa fara fat kamar an shafe bango da farar ƙasa, an ja masa siraran baƙaƙen layuka a gefen ido, ga gemu har ciki. Bai yi tsalle ba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya bar ta a sama kamar ya manta da ita, sannan ya ajiye.

Kaka ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Ga mai gidan ya zo."

"Wa?"

"Mugun."

"Ka ji yarensu ne?"

"Ba sai na ji ba. Dubi yadda ba ya sauri. Mutumin kirki ne ke guje-guje a fage, don kullum a makare yake. Mugu ya riga kowa sanin abin da zai faru, saurin me zai yi?" Ya kalle ni ta gefen ido. "Shi ya sa hankalina yake kwance da ke, Amarya. Ba za ki iya mugunta ba. Kin cika gaggawa."

Na so in ba shi amsa, amma idona ya ƙi barin mai farar fuskar. Gaskiya zan faɗa: yarinyar da ke kuka ta gundure ni, saurayin ma haka. Wannan kuwa da ya shafa gemunsa da yatsu biyu, sai na ji ina so ya sake. Yana zagaya yarinyar yana rera mata wani abu mai taushi, kamar mai lallashi, tsofaffin da ke bayanmu suna tsaki suna nuna shi da mafici, amma babu wanda ya kalli wani wuri. Har wadda ta kore mu ta daina fifita.

Sai ya ja baya, ya buɗe hannayen riga, ya yi dariya.

Kusa da kunnena wata dariyar ta amsa.

Ban san yadda zan rubuta muku ita ba. Ba ta da ƙarfi. Daga can ƙasa ta faro, kamar ana jan turmi a ɗakin da ke ƙarƙashinka, ta hau a hankali mataki uku, ta tsaya cak, sannan aka ja numfashi ta hanci. Tsigar jikina ta tashi. Na juya ina neman wanda ya yi, na ga Kaka ne, idonsa a kan dandamali, fuskarsa ta zama ta wani mutum da ban sani ba, wanda ba zan so mu haɗu a lif ba. Mai farar fuskar ma ya ji. Ya ɗan karkato kai wajenmu kafin ya ci gaba.

Da aka tashi hutun rabin wasa Kaka ya ce sai mun zagaya baya. A bayan labulen, tsakanin akwatuna da igiyoyin wuta, muka sami mugun zaune a kan bokiti. Ya cire gemun ya rataye a ƙusa. Wani ɗan tsamurmurin dattijo ne da singileti, yana cin shinkafar da aka ƙunso masa a roba, rabin fuskarsa ya goge da tsumma saboda zufa, rabi yana nan fari. Suka kalli juna. Ba yare, ba tafinta, don ni ma ban san me zan ce ba. Dattijon ya ajiye cokali, ya nuna Kaka, ya nuna maƙogwaronsa. Kaka ya sake yin dariyar, ƙasa-ƙasa. Dattijon ya mayar masa da tasa. Sai dukansu suka fashe da dariyar gaske, irin ta tsofaffi mai ƙarewa da tari. Ya jawo wani bokitin ya kife wa Kaka. Sun yi kusan minti goma zaune, hayaƙin turare yana ratsa tsakaninsu.

Muka kama hanyar gida har muka zo gindin benenmu. Ya tsaya yana haki. Ya ce, "Kin ga shi ya huta. Ruwa da tsumma, shi ke nan ya koma mutum. Ni tawa a wuya take. Da me zan goge?"

A kan bencin da ke bakin masallacin gidanmu ya ba ni labarin, muna jiran magariba. Tun kafin a haifi Mama, yana saurayi yana aikin akawu, ya shiga wasan kwaikwayo na rediyo. Ba a ganin fuska, murya ce kawai. Aka gwada shi a malami, bai yi ba. Aka gwada shi a uban yarinya, bai yi ba. Ranar da aka ba shi magulmaci, mai shiga tsakanin wa da ƙani, mai zuwa gidanka da sallama da fara'a ya bar shi a ƙone, ranar aka daina neman wani. Shekara goma sha wani abu yana yi, duk Juma'a da yamma. Sunan da ake kiransa a wasan ba zan rubuta ba, shi ma bai furta shi a gabana ba ko sau ɗaya.

"Mutane ba su san fuskata ba," ya ce. "Amma in na ce 'nawa ne tumatir', sai kasuwa ta yi tsit."

A wani wasan ya ƙulla wa wata baiwar Allah sharri har aka raba ta da ɗanta. Satin nan ya shiga motar haya, ya ce wa direba akwai sauka. Wata mata da ke gabansa ta juyo, ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Kai ne. Allah ya isa tsakanina da kai. Ban yafe ba, har gaban Allah." Ya fara cewa Hajiya ai wasa ne, sai ya ga hawaye a fuskarta. Ita an taɓa raba ta da nata ɗan, ba a rediyo ba. Bai koma gidan rediyon ba. Tun daga ranar ya sauke muryarsa ƙasa, ya bar ta a can.

"Ita ce na gani," ya ce. "Waɗanda ban gani ba fa? Kowace Juma'a, gida nawa, baki nawa?"

"Ba ka tambayi malamai ba?"

"Na tambaya. Sun ce tsinuwar da ba ta sami mai laifi ba, ba ta sauka. Na gode musu. Amma babu wanda ya tambaye ni ko na ji daɗin yi." Ya juya sandarsa a ƙasa. "Na ji daɗi, Amarya. In na matso kusa da abin maganar nan na san gari guda ya daina tauna abinci saboda ni, wani abu yakan cika mini ƙirji. Ban taɓa jin haka a sahun sallah ba, Allah ya yafe mini. To wannan daɗin na waye? Na mutumin wasan ne ko nawa?"

A nan ne na yi abin da har yau yake ci na. Na gaji, sauro yana cizo na, kuma ni ba na son doguwar magana. Na ce, "Kaka, don Allah ka bar wannan zancen. Shekara nawa? Wa ma ya tuna da kai? Duk sun mutu ko sun manta."

Na ɗauka lallashi na yi. Ya dube ni kamar na mare shi. Ya tashi ya shiga masallaci. Kwana biyu bai ce mini Amarya ba, bai zauna a taga ba. Na kai masa shayi ya ce an gode, kamar baƙuwa. Sai daga baya na gane cewa tsoro biyu yake ɗauke da su, kuma na taka wanda ya fi ciwo. Yana tsoron a tuna shi da tsinuwa. Ya fi tsoron a ce babu ma wanda ya tuna.

Ban ba shi haƙuri ba, ban iya ba. Shi ya shirya mu, kuma a cikin bas. Muna dawowa daga kasuwar Chow Kit, mun je neman kuɓewa da busasshen kifi, motar a cike. Wani ƙato ya tsaya a kaina, duk birkin da aka taka sai ya faɗo jikina, ina matsawa yana matsowa. Na buɗe baki zan yi masa wankin babban bargo, sai na ji hannun Kaka a kan nawa. Ya ɗago kai a hankali, ya kalli mutumin, ya yi murmushi. Sannan ya fito da muryar nan. Da Hausa, a natse, kamar mai zuba zuma:

"Sannu da aiki, ɗan samari. Ya gida? Ya iyali? Ina fatan kowa lafiya. Mahaifiyarka tana nan ƙalau?"

Gaisuwa ce kawai, wallahi babu ƙari. Mutumin bai ji ko kalma ɗaya ba. Amma ya daina matsowa. Ya saki ƙarfen da yake riƙe da shi, ya kutsa baya, tasha ta gaba ya sauka, kuma na tabbata ba nan ce tasharsa ba. Kaka ya mayar da muryarsa inda yake ajiye ta, ya ce, "Kin gani, Amarya? Ke da zagi za ki yi, ya rama."

Na yi dariya har kifin ya zube. Amma ni ma da yake kare ni, na ji tsoronsa.

Na taɓa tambayar Mama me ya sa ba a taɓa gaya mana ba. Tana yanka albasa ta ce, "An taɓa kiranki 'yar mugu a filin makaranta? An taɓa hana yara cin abincinki? An taɓa sa ki a tsakiya a ce sai kin yi dariyar ubanki?" Ta share ido da bayan hannu ta ce albasa ce. A ranar na lura da abin da na gani duk rayuwata ban kula ba: Mama ba ta dariya da sauti. In abu ya ba ta dariya, gefen mayafi take kaiwa baki, kafaɗunta su yi ta rawa, shiru.

Watansa na ƙarshe a asibiti ya yi shi. Gadonsa yana kusa da taga, amma bangon wani bene kawai ake gani. Yakan tambaye ni ko an sauke labule a waje, in ce an sauke, ko da rana ake ƙwallawa. Wata safiya ya ce ya yi mafarki yana cikin rumfar nan ja, an cika layin gaba da mata masu lulluɓi, kowace da rediyo a cinya, shi kuma yana kan dandamali yana neman tsumma. Ya kama wuyan hannuna. Ya ce, "Uwarki ba za ta iya ba, na ɗora mata da yawa tun tana ƙarama. Ke ce ba ki da kunya. Ki faɗa musu. Ko mutum ɗaya ne ya janye, na rage kaya."

Na ce, "Ni ce ma ba ni da kunya?"

Ya ce, "Yabo ne."

Ranar addu'ar uku maza suna masallaci a ƙasa, mata sun cika falo. An yi addu'a, an shafa, an fara raba waina. Na ga wasu sun fara laluben jaka. Mama tana zaune a bakin ƙofar kicin, idonta a kaina tun safe. Na ajiye tiren da ke hannuna da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, kofuna suka yi ƙara, kowa ya juyo.

Na ce, "Kaka ya bar saƙo." Na faɗa duka, a tsaye, da sauri, ba tsari. Rediyo, Juma'a, magulmacin, matar cikin mota. Na ce yana roƙon duk wadda ta taɓa tsine masa, ko ta ji uwarta ta tsine masa, ta janye.

Ɗaliban suna kallon juna, ba su san zancen ba, ba a haife su ba. Wata ta ce, "Allah sarki," irin wadda ake faɗa in ba a san abin faɗa ba. Ban kalli Mama ba, amma ina jin idonta a gefen wuyana. Na ce a raina, shi ke nan, na tona wa mamaci asiri a banza, kuma maganata ta fito: babu wanda ya tuna.

Sai wata Hajiya ta ajiye wainarta. Tsohuwa ce daga benen da ke kallon namu, ta zo daga gida yi wa 'yarta zaman jego, sau biyu kawai na taɓa ganinta. Ta ce, "Tsaya, yarinya. Wanda ya sa aka kori matar nan da goyo, aka ƙwace yaron a bakin ƙofa?"

Na ce ban sani ba, ina jin shi ne.

"La'ilaha illallahu." Ta dafe ƙirji. "Shi ne nake haɗuwa da shi a bakin masallaci yana ce mini sannu Hajiya? Wannan ɗan tsohon?" Ta juya ga matan. "Ku ba ku sani ba. Gidanmu mutum talatin, rediyo ɗaya. In ya fara magana ko tabarya ba a ɗagawa. Innarmu ta taɓa jifan rediyon da ludayi, sai da aka kai gyara. Tsinuwa kuwa, ni kaina na yi masa ta fi gashin kaina." Idonta ya tafi wani wuri da ba falonmu ba. "Amma fa in aka yi sati ba ya ciki, kashewa muke yi. Mu ce yau ba wasa."

Na ce, "To kin janye, Hajiya?"

"Ke, bari in gama. Akwai wata dariya da yake yi." Ta gyara zama, ta kumbura wuya, ta yi wani abu kamar kukan agwagwa. Wasu suka toshe baki. Ta sake gwadawa, ya fi na farko muni.

"Ba haka ba ne."

Daga bakin kicin maganar ta fito. Mama ce. Ba ta kalli kowa ba, tana kallon tafin hannunta. Mayafinta yana kafaɗa, ba ta kai shi baki ba. Sai ta faro daga can ƙasa, mataki uku, ta tsaya cak, ta ja numfashi ta hanci.

Ita ce. Babu abin da ya ragu. Labulen taga yana motsi, hadari ya rufe benayen waje, kuma na rantse na ɗan lokaci falon nan ya koma wani tsakar gida da ban taɓa gani ba, da mutum talatin sun daina tauna. Jaririn da ke bayan wata ya farka. Hajiya ta ɗaga hannu biyu sama, hawaye yana bin kumatunta, ta ce, "Shi ne, wallahi shi ne. Na janye. Na janye tawa, na janye ta Innarmu, Allah ya sa can ta fi masa nan."

Mama ta ci gaba da kallon hannunta. Muryarta da ta dawo ƙarama ce, irin tasa ta kullum. Ta ce, "Ni ban taɓa tsine maka ba, Baba. Amma ban yafe ba sai yau." Sannan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar Talata.

Har yanzu ba ta ce mini na kyauta ba, ba ta kuma ce ni da ita ne ba. Jiya dai ta ce in rubuta, tunda bakina ba ya rufuwa.

An sake kafa jar rumfar a filin motoci. Na bi ta wurin da yamma, ni kaɗai, da saurina. Na san matattu ba sa zuwa kallon wasa, Kaka yana inda Allah ya ajiye shi, ƙarƙashin fararen furanni. Duk da haka na tsaya a baya na dubi kujerar tsakiya a layin farko, har mai farar fuska ya fito ya ɗaga ƙafa. Na jira ya ajiye ta. Ban taɓa jiran wani abu haka ba.

Saura ku. Idan a gidanku an taɓa kewaye rediyo ranar Juma'a, aka ji wata dariya mai hawa uku, wani ya ce Allah ya isa, to mai dariyar kakana ne, kuma ya tafi yana neman tsumma. Mutum biyu sun sauke masa. Ku tambayi iyayenku mata, ku tambayi kakanninku, ku ce jikarsa marar kunya ce ke roƙo. Allah ya yafe masa abin da ya yi da wasa da abin da ya ji daɗinsa da gaske, ya yafe wa waɗanda suka tsine, ya sa in tamu ta zo a sami mai tashi ya yi magana.